Dama ko Hagu: Tarihin Akwatin da Ke Raba Ƙarfin Mota

A ƙarƙashin kowace mota mai ja da ƙafafu huɗu, bayan giyabos, akwai wani akwatin ƙarfe da ke karɓar ƙarfin inji ya raba shi biyu: kashi ɗaya ya nufi ƙafafun baya, ɗayan ya juyo zuwa na gaba. Wanda ya juyo gaba ba shi da hanya ta tsakiya, domin inji da kaskon mansa sun tare wurin. Dole ya zagaya ta dama ko ta hagu. Wannan zaɓi, wanda injiniyoyi suka yi shekaru da dama da suka wuce, shi ne yake yanke wa bakanike hukunci a yau idan aka kawo masa mota domin ya mayar da gabanta kan aksil ɗin sanda guda.

Jeep ɗin Willys na yaƙin duniya na biyu, wanda aka fara ƙerawa a 1941, dama ya zaɓa. Akwatinsa, Spicer 18, yana fitar da sandunan furofela biyu ta ɓangaren dama, don haka tulun da ke ɗauke da haƙoran aksil, gaba da baya, shi ma ya karkata dama. A wancan zamani aksil sanda ɗaya ce mai kauri da ta haɗa ƙafafu biyu, tana rataye a jikin sifirin mai falle-falle. Tana da jijjiga a kan kwalta, amma idan ƙafa ɗaya ta hau dutse sai ta danna ɗayar ƙasa, motar ta ci gaba da riƙe hanya. Chevrolet ta bi dama a manyan a-kori-kurarta, haka ma Toyota da ta fitar da Hilux mai ja da ƙafa huɗu a 1979. Ford kuwa, a shekarun 1970, hagu take fitarwa.

Daga nan kasuwar Amurka ta sauya hali. Masu sayen waɗannan motoci sun daina zama manoma da ma'aikatan daji kaɗai. Yawancinsu birni suke, taushin tafiya suke nema. Toyota ta cire sanda guda daga gaban a-kori-kurarta ta Amurka a 1986, ta bar kowace ƙafa tana motsi ita kaɗai. Chevrolet ta yi haka a 1988. A kan titi an samu riba. Masu hawan duwatsu kuma suka ga ƙananan sanduna da mahaɗai suna karyewa da zarar an sa manyan tayoyi, sai suka koma wurin 'yan gwangwan suna neman tsofaffin aksiloli.

A nan tarihin kowane kamfani ya fara biyo bashi. Mai Toyota ta 1986 zuwa 1995 ya taki sa'a: kamfanin ya sauya gaban motar, amma ya bar mafitar akwatin a dama, saboda haka aksil ɗin 1979 zuwa 1985 yana zama daidai da ita, aikin da ya rage na walda ne da sitiyari. Da Tacoma ta zo a 1995, mafitar ta koma hagu, tsohon aksil ɗin gida ya daina dacewa. Na Chevrolet ya fi ban mamaki. Sabon tsarin 1988 ya mayar da mafitar hagu, alhali aksilolin kamfanin na da duk na dama ne. Shi ya sa mai Chevrolet kan ƙare da aksil ɗin abokiyar hamayya, Dana 44 ko Dana 60 na Ford ta 1978 da 1979, kayan da har yau ake rububinsu. Wanda ya nace wa aksil ɗin dama kuwa, sai ya sauya akwatin kansa, ya shiga neman wanda bakinsa da yawan haƙoran sandarsa suka dace da giyabos ɗin motar. Matsalar ta yi yawa har ta haifi sana'a: kamfanin Advance Adapters yana ƙera akwatin Atlas, wanda mai saye ke zaɓar masa dama ko hagu.

Ko ɓangare ya dace, da sauran rina a kaba. A tsarin ƙafa mai zaman kanta tulun gaba a ɗaure yake da shasi, furofela ba ta motsi sosai. Sanda guda kuwa hawa da sauka take, don haka tana bukatar furofela mai miƙewa da tsukewa, da mahaɗin da zai jure kusurwa mai tsanani. Sannan dole lissafin haƙoran gaba da na baya ya zo ɗaya. Idan baya 4.10 ne, gaba kuma 4.56, akwatin da ya kulle su tare shi zai sha wahalar, har sarƙarsa ta saki ko haƙori ya karye. Akwatunan zamani masu shiga da kansu ta hanyar lantarki sun ƙara wata wahalar, domin suna dogara da na'urorin auna gudu waɗanda tsohon aksil bai san da su ba. Yawancin kanikawa cire su suke yi su sa mai sandar hannu.

Abin lura, wannan duk ciwon kan Amurka ne fiye da na kowa. A kasuwanni irin su Ostareliya, Hilux ta riƙe sanda guda har 1997. Land Cruiser 70, wadda ta fito a 1984, ba ta taɓa rabuwa da ita ba, kuma ita ce ke ratsa rairayin Agadez zuwa Bilma. Lokacin da Land Cruiser 100 ta koma sabon tsari a 1998, Toyota ta ware samfurin 105 mai sanda guda domin Afirka, Ostareliya da Gabas ta Tsakiya, inda gareji mafi kusa kan yi nisan kwana guda.