Manhajojin da ya kamata a saka bayan an koma Linux

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wannan ya sa malamai, ɗalibai da masu shagunan buga takardu suka fara duba Linux, tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta wanda Linus Torvalds ya soma a Finlan cikin 1991. Ga mai aiki da Hausa da Faransanci, manhajoji kaɗan sun isa, muddin an zaɓe su da lura.

Wane Linux?

Ga sabon shiga, Linux Mint ya fi sauƙi. Clément Lefèbvre, ɗan Faransa, ya ƙirƙiro shi a 2006 bisa tushen Ubuntu, kuma fasalinsa ya yi kama da Windows. Yana buƙatar aƙalla giga 2 na RAM da giga 20 na wurin ajiya, amma da giga 4 na RAM ya fi sakewa. Idan kwamfutar ta tsufa, a ɗauki nau'in Xfce, domin shi ne mafi rashin nauyi. Ana iya gwada shi daga kilen USB kafin a saka shi.

Rubutu da lissafi

LibreOffice yana zuwa tare da Mint. Writer na rubutu ne, Calc na lissafi, Impress kuma na gabatar da darasi. Suna buɗe takardun Word da Excel, amma wani lokaci tsarin shafi yana gocewa saboda bambancin salon haruffa. Maganinsa shi ne a saka Carlito da Caladea, waɗanda faɗinsu ya yi daidai da Calibri da Cambria. Takardar da za a kai ofis ko wurin bugawa kuwa, gara a mayar da ita PDF. Mai rubutun Faransanci ya ƙara Grammalecte, wadda ke kama kurakuran nahawu.

Haruffa masu lanƙwasa

Allon AZERTY ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, alhali bambancin kafa da ƙafa a kansu ya rataya. A galibin manhajojin Linux, a danna Ctrl, Shift da U tare, a rubuta lamba, sannan a danna Enter: 0253 na ba da ɓ, 0257 ɗ, 0199 ƙ, 01B4 kuma ƴ. Mai yawan rubutu zai fi jin daɗin ƙara tsarin madannai na Hausa da ke cikin saiti, ko ya saka Keyman. Salon haruffan Charis da Andika na ƙungiyar SIL suna fitar da waɗannan haruffa da wasullan Faransanci tsaf.

Intanet, sauti da hoto

Firefox yana cikin tsarin tun farko. A haɗa masa uBlock Origin don toshe tallace-tallacen da ke cinye data. VLC, wadda ɗaliban École Centrale ta Paris suka soma, tana kunna kusan kowane irin bidiyo. Audacity ta dace da gyaran sauti na shirin rediyo ko wa'azi, Kdenlive na haɗa bidiyo, GIMP na gyaran hoto, Inkscape kuma na zana tambari da katin gayyata. Inda intanet ke wahala, Kiwix tana ba da damar karanta Wikipedia ta Hausa ko ta Faransanci ba tare da an hau layi ba, da zarar an sauke ta sau ɗaya.

Kariya daga asara

Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa na iya lalata tsarin. Timeshift yana ajiye kwafin tsarin don a koma kansa, sai dai a saitinsa na asali ba ya adana takardun mutum. Waɗannan sai a riƙa kwafe su zuwa wani faifai na waje.

Abin lura kafin saukewa

A sauke manhaja daga rumbun manhajoji na Mint, ba daga shafukan da ba a sani ba. Idan manhaja ta zo iri biyu, ta tsarin da ta Flatpak, a duba girmansu: ta Flatpak takan ci data mai yawa a karon farko. Wanda aikinsa ya dogara da Photoshop ko wata manhajar akanta ta Windows kuwa, ya fara gwada madadinta kafin ya goge tsohon tsarinsa.