Jim Thorpe a Makarantar Carlisle

Jim Thorpe, wanda aka haifa a shekarar 1887 cikin ƙabilar Sak da Foks, ɗaya daga al'ummomin asali na Amurka, ya shiga makarantar Carlisle ta jihar Pensilbaniya a 1904. Makaranta ce da Richard Henry Pratt ya assasa a 1879 domin raba 'ya'yan waɗannan ƙabilu da harshensu da suturarsu da al'adun iyayensu, manufar da mai adalci ba zai kira ta da wani suna ba face zalunci. Amma cikin hukuncin Allah, ɗaya daga waɗannan ɗalibai shi ne ya ɗaukaka sunanta fiye da wanda ya kafa ta.

A wasan ƙwallon Amurka, wanda ake rungumar ƙwallo a kutsa da ita cikin sahun abokan hamayya, matsayin Thorpe shi ne hafbak, mai tsayawa bayan sahun gaba yana jiran a miƙo masa. An ruwaito cewa mai horarwa Glenn Warner ya yi ta jan ƙafa kafin ya yarje masa, don gudun kada Thorpe, gwanin tserensa, ya karye, har sai da yaron ya ratsa 'yan wasan makarantar a filin atisaye babu wanda ya iya kā da shi. Ya buga kakar 1907 da ta 1908, sa'an nan ya bar karatu shekara biyu yana buga besbol a Karolina ta Arewa bisa ɗan lada ƙanƙane.

Da ya komo a 1911 ne shahararsa ta tabbata, ranar 11 ga Nuwamba, sa'ad da Carlisle ta je gidan jami'ar Harvard, wadda a wancan zamanin ake lissafa ta cikin manyan wasan. Ƙafarsa na ɗaure da bandeji saboda rauni, amma duk da haka sau huɗu yana harba ƙwallo ta ratsa tsakanin sanduna, har aka tashi 18 da 15, galaba tana ga 'ya'yan ƙabilu. A 1912, bayan ya ciyo zinariya biyu a gasar Olamfik ta Stockholm, ya ci maki 198 a kaka guda, kuma Carlisle ta lallasa makarantar soja ta West Point 27 da 6, alhali cikin sojojin akwai Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar. Masanin wasan Walter Camp ya sanya shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan Amurka a shekarun biyu a jere.

A farkon 1913 jarida ta tono batun ladan besbol, aka ƙwace lambobinsa na Olamfik saboda ya taɓa yin wasa don kuɗi, ya bar Carlisle ya shiga wasan sana'a. Ba a mayar masa da haƙƙinsa ba sai a 1982, shekara 29 bayan mutuwarsa.