Asalin Kalmar Hakimi da Ma'anoninta

Kalmar nan hakimi Balarabiya ce, ta shigo ƙasar Hausa tare da Musulunci da littattafan malamai. Tushenta ɗaya ne da hukunci, da hukuma, da hikima. Masanan lugga sun ce asalin ma'anar tushen shi ne hani, har ma Larabawa suna kiran ƙarfen linzami da suna daga gare shi, domin shi ke tsare doki daga ɓarna. Watau hakimi shi ne mai hana zalunci. Da an ja wasalin ƙarshe maimakon na fari, sai kalmar ta koma mai hikima, ko likita.

A zamanin dā hakiman Kano a birni su ke zaune, kusa da fada. Kowane yana riƙe da garuruwa a warwatse, wani gabas, wani yamma. Jakada shi ke kai umurni, shi ke komowa da kuɗin ƙasa. Saboda haka talakan ƙauye ya san jakada sarai, amma ubangidan jakadan sai dai ya ji sunansa. Abin da ya salwanta a hanya kuwa, a wuyan talaka ya ke ƙarewa.

Turawa suka ci Kano a 1903, aka naɗa Sarki Abbas. A 1907 da 1908, zamanin Razdan Cargill, aka harhaɗa garuruwa gunduma gunduma, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna cikin mutanensa. Bayan an kafa Baitulmali a 1909, daga baya albashi ya maye gurbin kason da a ke yanka daga haraji. Daga nan hakimi ya zama ma'aikacin En'e, dagatai da masu unguwanni suna ƙarƙashinsa. Bisa wannan tsari ne Zakirai ta zama mazaunin hakimin Gabasawa.

Gyaran 1976 ya miƙa mulki ga ƙananan hukumomi, a 1979 kuma aka soke haraji da jangali a Jihar Kano. Abin da ya saura a hannun hakimi shi ne sulhu, da tsare iyakar gona, da kai kukan talakawa gaban Sarki. A ƙasa irin ta Zakirai, inda gona ke jingine da gona, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kalmar ta komo ga ma'anarta ta fari, watau linzami. Allah ya ba masu riƙe da shi adalci, amin.