Bayyana Lokaci Mai Zuwa a Harshen Bama: Matsayin Ɗafin -me

Harshen Bama shi ne harshen hukuma na Myanmar, ƙasar da Hausawa suka fi sani da Bama tun yaƙin duniya na biyu, kuma yana cikin dangin harsunan Sin da Tibet. Aikatau a cikinsa a ƙarshen jimla yake zuwa, bayan aikau da karɓau, kuma saiwarsa ba ta canza siga saboda jinsi ko lokaci. Ƙananan ɗafe-ɗafe da ake jerawa a bayansa su ke yin wannan aiki. A misalan da ke tafe ba a nuna karin sauti ba, duk da cewa yana bambanta ma'ana a harshen.

A maganar yau da kullum, ɗafi biyu ne suka fi rufe jimla: -te (တယ်), wanda kan koma -de bayan wasali, da -me (မယ်). Da aikatau thwa, wato tafi, akan ce manei-ga thwa-de, "jiya na tafi", da nei-dain thwa-de, "kullum nakan tafi", amma manet-phyan thwa-me, "gobe zan tafi". Wakilin suna sau da yawa ba a furta shi, muhallin magana ke nuna wanda ake nufi. Abin lura shi ne ɗafi ɗaya ya haɗe shuɗaɗɗen lokaci da na sabo, ɗayan kuma ya tsaya shi kaɗai.

Wannan ya sa akan kira -me lamirin lokaci mai zuwa. Sunan yana sauƙaƙa wa ɗalibi, amma bai game aikin ɗafin ba. John Okell ya bayyana ɗafe-ɗafen nan a nahawunsa na Bamancin baka na 1969, Bernard Comrie kuma ya dogara da shi a littafinsa kan lokutan aikatau na 1985, inda ya kawo Bama a matsayin harshen da nahawunsa ke raba abin da ya tabbata da wanda bai tabbata ba, maimakon raba lokuta. Hujja mafi ƙarfi ita ce -me yana hawa kan abin da ya riga ya wuce idan zato ake yi. Jimlar yauk-phu-me htin-de tana nufin "ina jin ya taɓa zuwa can". Zuwan a baya yake, rashin tabbas ne ya jawo -me. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin shi ma yakan ce "zai kai shekara arba'in" alhali ƙiyasi yake yi a kan yanzu.

Korewa ta ƙara fito da batun fili. Korarriyar jimla tana ɗaukar ma- a gaban aikatau da -bu a bayansa, shi kuma -bu yana maye gurbin -te da -me gaba ɗaya. Saboda haka ma-thwa-bu na iya zama "bai tafi ba", ko "ba ya tafiya", ko "ba zai tafi ba". Hausa ta raba ukun nan a nahawu, Bama ta bar wa bayanau irin su jiya da gobe. Idan mai magana yana son kore abin da ke tafe ba tare da shubuha ba, sai ya mai da aikin suna da -hma, ya ce thwa-hma ma-hout-phu, wato tafiyar ba za ta auku ba.

A tambaya -me yana gajarcewa ya zama -ma: thwa-ma-la, "za ka tafi?", da be thwa-ma-le, "ina za ka?", wadda ake yi wa wanda aka gamu da shi a hanya. A rubuce wannan -ma da ma- na korewa harafi ɗaya ne (မ), gurbinsu kawai ya raba su.

Nisan abin da ke tafe da ƙarfin tabbacinsa kuwa, ɗafe-ɗafen da ke shiga tsakanin aikatau da -me ke nuna su. Da -taw ana nufin abin ya gabato: thwa-daw-me, "zan tafi ke nan", kalmar da baƙo ke sallama da ita. Da -lein ana nufin hasashe: mo ywa-lein-me, "da alama za a yi ruwa", kusa da abin da Hausa ke yi da lokaci mai zuwa na biyu a "â yi ruwa".

Salon rubutu na hukuma da jaridu yana da nasa ɗafe-ɗafen, -thi (သည်) a madadin -te, da -myi (မည်) a madadin -me, amma rabon aikin bai canza ba. Haka ma idan jimla ta siffanta suna: ɗafin yana ɗaukar gajeren kari mai maƙurar murya, a sami la-de lu, "mutumin da ya zo", da la-me lu, "mutumin da zai zo".