Tunawa da 'Yan Mazan Jiya a Ƙasar Katsina: Tsakanin Dutse da Baki

Abin da muke nufin tattaunawa a wannan maƙala shi ne yadda ake tunawa da sojojin da suka halarci yaƙe-yaƙen ƙarni na ashirin daga ƙasar Katsina, musamman mutanen karkara irin na Boko ta Ƙaramar Hukumar Kusada da ƙauyukan Kankiya. Ra'ayinmu shi ne, hanyar tunawar da Turawa suka kawo ta tsaya a birane, ita kuwa tamu ta gargajiya tana bin masu riƙe da ita zuwa kabari.

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe ba ya kafa wa jarumi dutse. Addinin Musulunci bai yarda da gunki ba, bai kuma ƙarfafa gini a kan kabari ba. Saboda haka sunan barde a bakin maroƙa da makaɗa yake zama, da kuma cikin sarautun yaƙi irin su Ƙaura. Ta wannan hanya ce labarin yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi na ƙarni na sha tara ya iso gare mu, har yau ake ambaton Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau.

Aikin soja irin na zamani kuwa ya faro ne a 1863, sa'ad da Kyaftin Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko. A 1897 aka kafa rundunar Afirka ta Yamma, kuma da ita Lugga ya shiga Katsina a 1903. Bai kamata mu manta da wannan ba, domin yana daga cikin dalilan da suka sa mutanen ƙasar nan suka daɗe suna yi wa soja kallon yaron Nasara, ba jarumin da za a yi wa kirari ba. Duk da haka 'ya'yan talakawa sun yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sun je Afirka ta Gabas, sa'an nan a Yaƙin Duniya na Biyu suka kara da Italiya a Habasha, suka kuma shiga dazuzzukan Bama cikin Runduna ta 81 da ta 82. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya gaji mahaifinsa Muhammadu Dikko a 1944, ya je har can ya gana da su.

To, ina aka ajiye sunayen waɗanda ba su dawo ba? Wasu suna jikin bangon maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, inda aka rubuta sunayen mutum wajen 27,000 na rundunonin Ingila da ƙasashen da take mulka waɗanda ba a san kabarinsu ba. Wasu kuma suna wurin tunawa na Abuja. A barikoki ma abin da aka fi adanawa shi ne sunan fagen fama: Myohaung da Arakan a Ikko, Kalapanzin a Kaduna. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Renon Ingila ta amsa da bakinta a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Ko wanda aka rubuta ɗin ma, akwai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. A lokacin ɗaukar soja, an saba haɗa sunan mutum da na babban garin da ya ambata. Saurayin da ya fito daga Boko ko Kankiya, in an tambaye shi garinsu, abu ne mai sauƙi ya ce Katsina, malamin ofis ya rubuta haka. Shi ke nan ƙauyensa ya ɓace, sunan mahaifinsa ya ɓace, kuma akwai masu irin sunansa da yawa a takarda ɗaya. Dutsen da ke Bama ba zai iya gaya mana gidan da ya fito ba. Dattawan unguwarsu ne kaɗai za su iya.

Bayan mulkin kai an kafa ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nijeriya a 1964. Daga baya aka mayar da ranar tunawa daga 11 ga Nuwamba, wadda aka gada daga Turawa, zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A wannan yaƙi ne, a ganinmu, soja ya sami shiga bakin mawaƙa sosai, har Mamman Shata, mutumin Musawa, ya yi musu waƙa. Amma bikin hukuma, da faretinsa da ajiye furanni, a babban birnin jiha ake yinsa. Manya irin su Janar Hassan Usman Katsina da Shehu Musa 'Yar'aduwa sun sami tituna da gine-gine da sunansu. Kurtun da ya dawo ya zama ɗan doka ko mai gadi, ba kasafai akan ji ɗuriyarsa ba.

Ba muna kira a kafa gumaka a ƙauyuka ba ne, jama'a ba za su karɓa ba. Abin da ya dace da al'adarmu shi ne rijiya ko ajin makaranta da za a sa wa sunan mamaci a matsayin sadaka mai gudana, tare da addu'a a masallacin Juma'a. Kafin wannan kuwa sai an sami littafin sunaye. Muna ba da shawara masu unguwanni da dagatai na Kusada da Kankiya, tare da ɗaliban tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, su bi gida gida su rubuta sunan kowane soja, da na mahaifinsa, da unguwarsu, da lambar aikinsa in takardar sallama tana nan, har da waɗanda suka rasu a 'yan shekarun nan wajen fama da 'yan bindiga. A fara da iyalan 'yan Bama, domin 'ya'yansu ma yanzu sun tsufa.