Tarihin Farantin Renon Ƙwayoyin Halitta

Tun shekarar 1665 da Robert Hooke ya leƙa ɓawon itace da madubin likita a Ingila, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, masana suka duƙufa kan binciken ƙwayoyin halitta, wato tubalan da aka gina jikin kowane mai rai da su. Sai dai akwai matsalar da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya. Galibi kafin a duba ƙwayar jikin dabba sai an kashe ta, an rina ta, an shimfiɗa ta a kan gilashi. Gawa ke nan ake gani. Yadda take motsi da yadda take girma kuwa, sai dai kirdado.

A shekarar 1887 Julius Petri, mataimakin Robert Koch a ƙasar Jamus, ya fito da wani ɗan farantin gilashi mai murfin da ya ɗara shi faɗi, don hana ƙura faɗawa ciki. Domin renon ƙwayoyin cuta aka yi shi, amma shi ne kakan farantan da ake amfani da su yau.

Babban ci gaba ya zo a 1907, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. A lokacin ana gardama a kan zaren jijiya: shin daga ƙwaya guda yake tsirowa, ko kuwa ƙwayoyi da yawa ne ke haɗuwa su yi shi? Ross Harrison ya yanko tsoka daga ɗan tayin kwaɗo, ya sa a ɗigon ruwan jikin kwaɗo bisa siririn gilashi, ya kife shi a kan wani gilashin mai ɗan rami, ya liƙe gefen da kaki. Da idonsa ya ga zaren yana miƙowa daga ƙwaya guda. Gani ya kori ji.

Duk da haka, ƙwaya mai rai garau take kamar ruwa, da ƙyar ido ke rarrabe ta. Frits Zernike na ƙasar Holan ya ƙago madubin da ke bayyana ta ba tare da rini ba, aka ba shi lambar Nobel a 1953.

Daga shekarun 1960 farantan roba suka soma maye gurbin na gilashi, saboda araha da sauƙin aiki. To, amma gindinsu ya kai kaurin milimita guda, alhali madubi mai ƙarfi daga ƙasa yake leƙo ƙwayar, kuma dole ya matso ta ƙwarai. An kuma ƙera ruwan tabaransa ne daidai da gilashi mai kaurin milimita 0.17. Saboda haka sai aka huda gindin farantin roba, aka manna wannan siririn gilashi a wurin. Ƙwayoyin na kwance a kansa cikin ruwan abincinsu, a ɗumin jikin mutum, wato digiri 37.

Amfanin wannan dabara ya ƙara fitowa fili bayan 1994, sa'ad da Martin Chalfie da abokan aikinsa suka nuna ana iya sa ƙwaya mai rai ta riƙa yin wani furotin mai ba da koren haske. Roba na dusashe irin wannan haske, gilashi kuwa yana barinsa ya wuce. Ta haka ne mai bincike ke iya zama ya kalli ƙwayar ciwon daji tana rabuwa, ya ɗiga mata magani, ya ga ko ta daina.