TSOHUWAR FADAR ARGUNGU: GIDAN DA YA SAMI SABON AIKI

Yawancinmu mun sha wucewa ta gaban Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, musamman lokacin bikin kamun kifi, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa shiga. Wannan gida kuwa shi ne ofishin mulkin ƙasar Kabi tun kafin a san abin da ake kira sakatariya.

Kabawa ba a Argungu suka fara sarauta ba. Muhammadu Kanta ya kafa daularsa wajen 1515, ya zauna a Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, har 1805 sa'ad da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin. Shi ya sa yau Sarkin Gwandu ne yake zaune a Birnin Kebbi, Sarkin Kabi kuwa yana Argungu, abin da yakan rikitar da baƙi. Sama'ila Karari ne ya mai da Argungu mazaunin Kabawa, ana kuma danganta ginin fadar da ɗansa Yakubu Nabame, wanda ya sake ta da tutar Kabi a 1849.

A cikin zaurukan wannan fada aka yi shari'a, aka karɓi jakadu, aka shirya yaƙi. Da Turawan Ingila suka zo, aikin ya sake kama: lissafin haraji da jangali da baitulmali ya shigo, tare da magatakarda da takardunsu. A 1942 aka gina sabuwar fada, sarki ya tashi, tsohon gida ya zama wofi.

A nan ne hatsarin yake. Duk wanda ya girma a gidan ƙasa ya san abin da damina biyu ko uku suke yi wa soron da ba kowa a ciki. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, gara ta shiga azara, sa'an nan bango ya fara zubewa daga sama. Ginin tubali yana bukatar yaɓe a kai a kai, ba kuwa mai yaɓe ɗakin da ba ya amfani da shi. Ku dubi Surame: ganuwarta ta dutse ce, an kuma sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, duk da haka kufai ce a jeji, gama mutanenta sun tashi tun da daɗewa. Fadar Argungu ta yi shekara 16 tana jira. Ran 1 ga Yuli 1958 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi, aka sa mata sunan Kanta. A ganinmu wannan shawara ita ce ta cece ta.

Kano ma ta bi irin wannan hanya. Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa, Turawa sun mai da shi ofis bayan sun ci Kano a 1903, yau kuwa gidan tarihi ne.

Wanda ya shiga gidan Kanta zai ga māsu da takubba, da kwari da baka, da tambura, da layun da mayaƙa suka dogara gare su. Ba sai mutum ya yarda da laya zai fahimci tsoron da ya sa aka ɗinka ta ba. Akwai kuma kayan su, gama Kabawa da ruwa ba sa rabuwa. Bikin kamun kifi kansa ya soma ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, alamar sulhu bayan dogon gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Aiki guda ne bai tashi daga tsohuwar fadar ba. Kaburburan sarakunan Kabi suna nan a cikin harabarta, saboda haka mai ziyara yakan sassauta murya idan ya iso wannan sashe.